Yadda Za Ka Gane Ko An Inganta Sabuwar Ƙirar Mota Ko An Tsuke Bakin Aljihu A Kanta

Duk lokacin da wani kamfani ya fito da sabuwar ƙira ta motar da aka daɗe da sani, muhawara ɗaya ce ke tashi tsakanin direbobi da makanikai da dillalai: wasu su ce ta da ta fi ƙwari, wasu su ce sabuwar ta fi ta ta kowace fuska. Sau da yawa ɓangarorin biyu suna da gaskiya, domin a jikin mota guda ake samun sassan da aka inganta da sassan da aka yi wa ƙwange don rage kashe kuɗi. Saboda haka mai shirin saye ba zai ƙaru da komai ba idan ya tsaya kan tambayar ko sabuwa ta fi tsohuwa. Abin da zai amfane shi shi ne ya bi motar sashe-sashe, yana yi wa kowane sauyi tambaya guda: wane ne ya ci ribar wannan sauyi, kuma wane ne zai biya kuɗinsa bayan garanti ya ƙare?

Dalilin wannan tambaya yana cikin lissafin masana'anta. Kamfanin da ke ƙera mota miliyan ɗaya, idan ya rage dala 10 kacal a kan kowace, ya tsira da dala miliyan 10, shi ya sa ake da injiniyoyin da aikinsu ke nan, su bi kowane ƙusa da kowace waya suna neman inda za a rage. Wannan ba laifi ba ne a karan kansa. Lokacin da aka sauya sitiyari mai aiki da famfon mai zuwa mai aiki da lantarki, kamfanoni sun sami sauƙin harhaɗawa, mai mota kuma ya huta da yoyon man sitiyari, ya sami ɗan sauƙin shan fetur. Irin wannan ragi kowa ya amfana da shi. Wanda ya kamata ka farauta shi ne ragin da ribarsa ta tsaya a masana'anta, wahalarsa kuma ta jira ka a gareji bayan shekara biyar ko shida.

Fara da kwatanta abin da ya yi daidai da juna

Kafin ka yanke wani hukunci, ka tabbatar cewa motocin biyu da kake kwatantawa ajinsu ɗaya ne, kuma don kasuwa ɗaya aka ƙera su. Mutane da yawa suna kwatanta tsohuwar ƙira mai babban aji da sabuwar ƙira mai ƙaramin aji, sai su ce kamfani ya lalace, alhali ba su auna abu ɗaya ba. Ka nemo takardar bayanan fasaha ta kowace ƙira, wadda kamfanoni ke wallafawa a intanet, ka jera su kusa da juna, ka bi layi-layi: nauyin mota, girman tankin mai, nau'in birkin baya, tsarin ƙafafun baya, yawan jakunkunan iska, da ko akwai safaya. Tallace-tallace suna faɗin abin da aka ƙara ne kawai. Abin da aka cire sai ka gano shi da kanka a irin wannan jerawa.

Batun kasuwa yana da nauyi fiye da yadda ake zato. Volkswagen Jetta ta 2011 misali ce da aka sani sosai. Domin a sauko da farashinta ƙasa da dala 16,000 a Amurka, an mayar da ƙafafun bayanta zuwa sandar ƙarfe guda mai haɗa tayoyin biyu, an sa wa ƙananan azuzuwanta birki mai ganga a baya, an kuma cika cikinta da roba mai tauri, alhali wadda aka sayar a Turai da wannan suna ta riƙe ƙafafun baya masu zaman kansu. Wani misali mai tayar da hankali shi ne gwajin karo da aka yi a 2016, inda aka kara Nissan Tsuru da ake sayarwa a Meziko da Nissan Versa da ake sayarwa a Amurka. Kamfani ɗaya ne, kuma kowace ita ce mafi arahar motar fasinja irinta da yake sayarwa a kasuwarta, amma Tsuru, wadda ba ta da jakar iska ko ɗaya kuma asalin ƙirarta ta farkon shekarun 1990 ce, ta murƙushe har cikin mazaunin direba. An daina ƙera ta a 2017. Don haka idan ka karanta cewa wata mota ta sami taurari biyar a gwajin haɗari, ka binciki ko wadda aka gwada ita ce irin wadda ke gabanka.

Ware abin da doka ta tilasta

Akwai fannin da ba a jayayya a kansa, wato kariyar rai. A 2009 cibiyar IIHS ta Amurka, mai gwajin haɗarin motoci, ta kara Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009, tsohuwar da ake yabon kaurin ƙarfenta ta ruguje a kan mutum-mutumin da ke mazaunin direba, sabuwar kuwa ɗakin fasinjanta ya tsaya. Gaban motar zamani an ƙera shi ne don ya lanƙwashe ya shanye ƙarfin karo, saboda haka duk wanda ya ƙwanƙwasa bamba ya ji roba ya ce an yi ha'inci, ya yi kuskuren fahimta. Ƙarfen da ke kare ka yana cikin ginshiƙan ƙofa da rufi da ƙasan mota, inda ido ba ya gani.

Sai dai kada ka ba kamfani yabo a kan abin da doka ta ɗora masa. Na'urar da ke hana mota sulɓewa a kwana ta zama dole a Amurka daga ƙirar 2012, a Tarayyar Turai kuma ga dukkan sababbin motoci daga Nuwamban 2014. Kyamarar baya ta zama dole a Amurka daga Mayun 2018. Idan dillali ya jero maka waɗannan a matsayin karamcin kamfani, ka san cewa kowace mota ta wannan zamani a wannan kasuwa tana da su. Amfanin wannan rarrabewa shi ne, kuɗin da aka kashe wajen cika sharuɗɗan doka yawanci a wani wuri ake fanshe shi, kuma wannan wurin ne kake nema. Inda doka ta yi shiru kuwa, nan ake ganin ainihin halin kamfani. Hyundai da Kia sun sayar da miliyoyin motoci a Amurka har zuwa 2021 ba tare da na'urar da ke hana inji tashi sai da makullinsa na asali ba, domin dokar ƙasar ba ta tilasta ta ba, alhali a Kanada da Turai dole ce. Da ɓarayi suka gano haka, satar waɗannan motoci ta yi tashin gwauron zabi, har kamfanonin suka fito da gyara a 2023.

Ka leƙa ƙarƙashin mota da cikin but

Bayan takarda sai ido. Ka nemi a ɗaga motar ko a hau da ita kan rami, ka ɗauki tocila, idan da hali a ajiye tsohuwar ƙirar a kusa. Ka duba ƙafafun baya tukuna. Ba kullum ake komawa baya ba a nan: Toyota Corolla da ta fito a 2018 ta bar sandar ƙarfe guda ta koma ƙafafu masu zaman kansu a yawancin kasuwanni, yayin da Mazda 3 ta 2019 ta yi akasin haka. A ganina, ga ƙaramar motar da ba a gudu da ita sosai, sandar guda ba aibi ba ce, tana da ƙarancin robobin da ke cinyewa kuma gyaranta ya fi sauƙi. Abin da ba zan amince da shi ba shi ne a rage wannan sashe sannan farashi ya hau kamar an ƙara wani abu.

Ka duba ko ƙasan motar yana da rufin da ke kare inji daga ruwa da tsakuwa, ko an shafe haɗin ƙarafa da abin hana tsatsa, ko cikin marfin taya yana da shimfiɗar da ke rage ƙara. Ka buɗe bonet ka ga ko akwai sandar iska mai riƙe shi ko an koma sandar hannu, ko ƙasan bonet ɗin yana da bargon rage zafi da ƙara. Ka shafa robar bakin ƙofa ka ga layi ɗaya ce ko biyu. Kowanne daga cikin waɗannan ƙaramin abu ne, amma idan ka tarar an cire huɗu ko biyar a ƙira guda, ka fahimci irin umarnin da aka ba injiniyoyinta. A cikin but kuma ka ɗaga shimfiɗa. Ƙungiyar masu motoci ta AAA a Amurka ta gano cewa kashi 28 cikin ɗari na motocin ƙirar 2017 ba sa zuwa da safaya, a da yawa daga cikinsu sai kwalbar gam da ɗan famfon iska. Kamfanoni suna cewa rage nauyi ne don a rage shan mai, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma gam ba ya ɗinke tayar da ta yage a gefe.

Inji da giya, inda kuɗin gaske yake

A nan ya kamata ka fi daɗewa, domin robar dashbod mai tauri ɓacin rai kawai za ta jawo maka, giyar da ta mutu kuwa tana iya cinye rabin darajar motar. Matsalar ita ce a wannan fanni ingantawa da ragi sukan zo a cuɗe, har ya yi wuya a raba su.

Ɗauki misalin ƙananan injina masu turbo, waɗanda suka maye gurbin manyan injina marasa turbo a motoci da yawa tun daga wajajen 2010. Inji mai silinda uku yana ba da ƙarfin da mai silinda huɗu ke bayarwa a da, yana kuma shan mai kaɗan idan ana tuƙa shi a hankali. Wannan ci gaba ne na gaske. Amma yana aiki cikin zafi da matsi mai yawa, ba ya yafe jinkirin juye baƙin mai, kuma yana da ƙarin sassan da za su iya lalacewa. Wasu daga cikinsu, kamar EcoBoost mai lita 1.0 na Ford da PureTech mai lita 1.2 na Peugeot da Citroën, an sa musu bel ɗin da ke daidaita bawul a cikin baƙin mai, da nufin rage gogayya da ƙara. A aikace, bel ɗin ya riƙa marmashewa kafin lokacinsa a motoci da dama, ɓarɓashinsa ya toshe matatar famfon mai, inji ya rasa mai ya ƙone. Daga baya an koma amfani da sarƙa a sababbin nau'o'in injinan biyu. Don haka idan aka ce maka an sabunta inji, ka tambaya a fili: bel ne ko sarƙa, idan bel ne a bushe yake ko a cikin mai, bayan kilomita nawa ake sauya shi, kuma awa nawa aikin yake ɗaukar makanike?

Haka batun feshin fetur kai tsaye cikin silinda. Yana ƙara ƙarfi ya rage shan mai, amma tun da fetur ya daina bi ta kan bawul ɗin shigar iska yana wanke su, gawayi yakan taru a kansu bayan dogon amfani. Wasu kamfanoni, ciki har da Toyota, suna haɗa feshi iri biyu, na kai tsaye da mai bi ta kan bawul, a inji guda don magance haka, kuma wannan ƙarin kuɗi ne da kamfani ya yarda ya kashe. Idan ka ga tsohuwar ƙira tana da feshi biyu sabuwa tana da ɗaya, ka san ta wane ɓangare aka yi ragi.

Giya kuwa tarihinta cike yake da darasi. Nissan ta rungumi giya marar matakai da ake kira CVT da wuri, kuma yawan ƙorafi ya sa ta ninka garantin giyar motocin 2003 zuwa 2010 a Amurka ya kai shekara 10 ko mil 120,000. Ford ta sa giya mai kuloci biyu busassu da ta kira PowerShift a Fiesta daga 2011 da Focus daga 2012, ta tallata ta a matsayin fasahar rage shan mai, amma karkarwa da fizgar da take yi suka kai kamfanin kotu a ƙasashe fiye da ɗaya. Ba ana nufin duk giyar CVT ko mai kuloci biyu ba ta da kyau ba ne, akwai waɗanda suka daɗe lafiya. Abin lura shi ne sabuwar fasaha a shekarunta na farko mai saye ne ke gwada ta da aljihunsa. Ka kuma yi hattara da kalmar nan cewa man giya na har abada ne, ba a sauya shi. Ka duba ko akwai hanyar auna man da juye shi, ka tambayi makaniken da ya ƙware a wannan giya abin da yake gani a motocin da suka yi nisa.

Akwai kuma tambayar da mutane kaɗan ke yi, alhali tana bayyana abubuwa da yawa: idan wani sashe ya lalace, shi kaɗai ake sauyawa ko sai an sayi tarin da yake ciki? Fitilar gaba ta zamani ta fi ta da haske nesa ba kusa ba, amma a motoci da yawa an rufe ta ruf, idan ta mutu ba ƙwai za ka saya ba, fitilar gaba ɗaya za ka saya. Ka zaɓi sassa biyar ko shida da aka saba sauyawa, kamar fitila, famfon ruwa, madubin gefe, gilashin gaba da shakazoba, ka nemi farashinsu na ƙirar biyu ka kwatanta. Gilashin gaba mai kyamara a bayansa, alal misali, bayan an sauya shi sai an sake saita kyamarar da na'ura, kuma wannan kuɗi ne na daban.

Allon taɓawa da cikin mota

Babban allo a tsakiyar dashbod yana burge ido, kuma shi ne hanya mafi wayo ta sayar da ragi da sunan zamani, domin allo guda ya fi wa kamfani araha a kan maɓallai da dama, kowanne da wayarsa da mazauninsa. Gwajin mai sauƙi ne: ka zauna a mazaunin direba, ka gwada rage sanyin na'urar sanyaya mota, ka sauya ƙarar rediyo, ka kunna abin share hazon gilashi, duk ba tare da ka kalli allon ba. Idan ka kasa, an rage maka wani abu mai alaƙa da lafiyarka a kan hanya. Volkswagen ta fitar da Golf ta takwas a 2019 da wurin shafawa marar haske don daidaita zafi da ƙara, ƙorafi ya yi yawa, sai a kwaskwarimar 2024 ta haskaka shi ta kuma mayar da maɓallan gaske kan sitiyari. Hukumar gwajin haɗari ta Euro NCAP ma ta sanar cewa daga 2026 motar da ke neman cikakken maki za ta buƙaci maɓallan hannu na sigina, fitilun gargaɗi, hon, waifa da kiran gaggawa. Ka tambaya kuma ko akwai abin da aka riga aka sa a motar amma sai ka riƙa biyan kuɗin wata kafin ya yi aiki. BMW ta gwada haka da ɗumama kujera a 2022, ta janye a 2023.

Abin da ido ba zai gani ba

Ragi mafi haɗari ba a gano shi da tocila. Makunnin inji na wasu ƙananan motocin General Motors, irin su Chevrolet Cobalt, yana da rauni har yakan kashe mota tana tafiya, jakar iska ta ƙi buɗewa. An gyara sashen a 2006 ba tare da an sauya lambarsa ba, abin da ya ɓoye matsalar shekaru, sai a 2014 aka yi kiranyen mota kimanin miliyan 2.6, wato kamfanin ya nemi a dawo da su don gyara, asusun diyyar kamfanin kuma ya amince da mutuwar mutum 124. Jakunkunan iska na Takata, da aka yi da sinadari mai araha wanda zafi da laima ke lalatawa, sun jawo kiranyen kusan miliyan 67 a Amurka kaɗai, kamfanin ya durƙushe a 2017. Babu mai saye da zai iya hango irin wannan a ɗakin baje kolin motoci. Makaminka a nan shi ne bayanan da aka tara: ka ɗauki lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ka shigar da ita a shafin kamfanin ko na hukumar NHTSA mai kula da amincin motoci a Amurka idan don can aka ƙera motar, ka ga kiranyen da ba a yi ba tukuna. Ka nemi sanarwar gyara da kamfanoni ke aika wa garejinsu, domin a cikinta suke amsa laifin da ba za su faɗa a talla ba. Rahotannin mujallar Consumer Reports ta Amurka mai gwada kayayyaki, da na cibiyar duba lafiyar mota ta TÜV da ƙungiyar masu motoci ta ADAC a Jamus, suna nuna yadda kowace ƙira take yi bayan shekaru, kuma sun fi ra'ayin ɗan jaridar da ya tuƙa motar kwana biyu amfani.

Hanya mafi inganci da na sani ta gano inda aka yi ƙwange ita ce duba abin da kamfani ya mayar a lokacin kwaskwarima, wadda aka saba yi shekara uku ko huɗu bayan fitowar ƙira. Jetta da aka ambata ta dawo da ƙafafun baya masu zaman kansu a 2014. Honda Civic ta 2012 ta sha suka a kan ƙarancin ingancin cikinta da yawan ƙara, har Consumer Reports ta cire ta daga jerin motocin da take ba da shawarar saye, Honda kuma ba ta jira lokacin da aka saba ba, ta sake mata ciki da ƙafafu a ƙirar 2013. Duk abin da kamfani ya mayar da kuɗinsa, ya tabbatar da kansa cewa cire shi ragi ne. Wannan yana nufin idan ba ka cikin gaggawa, shekarar farko ta sabuwar ƙira ita ce mafi ƙarancin dacewa da saye, shekarun bayan kwaskwarima kuma su ne lokacin da aka toshe yawancin ɓarakar da masu sayen farko suka gano.

Idan ka gama duk wannan, ka tuƙa ƙirar biyu a rana ɗaya kuma a kan hanya ɗaya, wadda ke da gargada da kwana da wurin da za ka iya ɗan sakin gudu. Ka kashe rediyo ka saurari ƙarar taya da ta iska, ka lura da yadda bayan motar ke sauka idan ta taka rami, ka tsaya cak ka sake tashi sau da dama don ka ji ko giya tana jinkiri ko fizga. Ka tafi da jerin abubuwan da ka gano an cire da waɗanda aka ƙara, ka sa wa kowanne kimanin abin da zai ci maka ko zai rage maka a tsawon shekarun da kake niyyar riƙe motar, sannan ka gwama jimillar da bambancin farashin ƙirar biyu kafin ka fara ciniki da dillali.